Sunayen Tsirran Jinsin Guizotia da Matsalar Juya su zuwa Hausa

1.0 Gabatarwa

Sunayen tsirrai suna daga cikin kalmomin da suka fi ba mai fassara wahala. Dalili kuwa shi ne, sau da yawa suna ba ya bayyana ainihin tsiron da aka laƙaba wa shi. Abin da yakan nuna shi ne hanyar da tsiron ya biyo, ko kuma abin da mutanen da suka karɓe shi suka kamanta shi da shi. Mai fassarar da ya dogara ga ma'anar zahiri ta irin wannan suna yana iya danganta tsiro da ƙasar da ba tasa ba, ko ya miƙa wa mai sauraro wani tsiro dabam.

Wannan maƙala ta ɗauki misali guda domin fito da matsalar fili. Misalin shi ne wani ƙaramin jinsin tsirrai masu fure ruwan ɗorawa, wanda masana ilimin tsirrai ke kira Guizotia. Yawancin nau'o'insa tsirran daji ne a tsaunukan gabashin Afirka, amma ɗaya daga cikinsu ya zama amfanin gona a Habasha da Indiya, kuma da Ingilishi ana kiran ƙwayarsa 'niger seed'. Duk ranar da wannan suna ya faɗo cikin rahoton aikin gona ko labarin kasuwanci da za a juya zuwa Hausa, to akwai tarko a gaban mai fassara. Za a fara da bayanin jinsin, sannan a dubi sunayensa a harsuna dabam-dabam, daga ƙarshe a kawo shawara a kan sunan da ya dace da shi a Hausa.

2.0 Jinsin Guizotia

2.1 Danginsa da Siffarsa

Guizotia yana cikin babban dangin tsirrai da ake kira Asteraceae ko Compositae, wanda ya ƙunshi nau'o'i fiye da 20,000. Bahaushe ya san wasu 'yan wannan dangi, kamar shuwaka da tazargade da latas da ƙashin yawo. Babbar alamar dangin tana ga furensa. Abin da ido ke gani kamar fure ɗaya, a haƙiƙa taron ƙananan furanni ne da suka haɗu a kai guda. A da yawa daga cikin 'yan dangin, na tsakiya ƙanana ne masu kama da bututu, na gefe kuma kowanne yana da falle guda mai kama da harshe, su ne ke kewaye kan kamar hasken rana.

A jinsin Guizotia furannin tsakiya da na gefe duk ruwan ɗorawa ne, kuma ganyen yakan fito biyu-biyu suna fuskantar juna a jikin kara. Ƙwayar ba ta da gashin nan mai kama da auduga da ke sa iska ta kwashi irin shuwaka da makamantanta. Nau'o'in da aka bincika duk suna da kuromosom 30, abin da ke nuna kusancin da ke tsakaninsu.

2.2 Nau'o'insa

A shekarar 1974 wata masaniyar tsirrai 'yar ƙasar Denmark, Jette Baagøe, ta sake nazarin jinsin baki ɗaya, ta tsayar da nau'o'i shida:

(a) G. abyssinica, wanda ake nomawa saboda mansa.
(b) G. scabra, wanda ya fi saura yaɗuwa, tun daga Nijeriya da Kamaru har Habasha, ya kuma gangara kudancin nahiyar.
(c) G. villosa, na tsaunukan Habasha.
(d) G. zavattarii, na kudancin Habasha da arewacin Kenya.
(e) G. arborescens, mai itace a jikinsa, na kudu maso yammacin Habasha da duwatsun Imatong da ke iyakar Sudan ta Kudu da Uganda.
(f) G. jacksonii, wanda wasu littattafai ke kira G. reptans, mai yaɗo a ƙasa, na Dutsen Elgon da wasu tsaunukan Kenya.

Biyar daga cikin shidan nan ana samun su a Habasha. Baagøe ta kasa G. scabra gida biyu, wato scabra da schimperi, amma wasu masana na baya sun ɗauki schimperi a matsayin nau'i mai zaman kansa. Wannan schimperi ciyawa ce da ke fitowa a gonakin Habasha, kuma ita ce aka fi ɗauka a matsayin tushen da aka samo nau'in da ake nomawa.

2.3 Nau'in da Ake Nomawa

G. abyssinica tsiro ne na shekara guda, tsayinsa daga rabin mita zuwa mita biyu. Ƙwayarsa baƙa ce mai sheƙi, siririya, tsawonta bai wuce milimita 5 ba, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyinta mai ne. An fi noma shi a yankunan Gojjam da Gondar da Shewa da Wellega, galibi a tudun da ya kai mita 1,600 zuwa 2,200 daga gaɓar teku. Abin da ya sa manomi ke son sa shi ne yana jure baƙar ƙasa mai laka wadda ruwa ke kwanciya a kanta, irin firgin da ake dasa masakwa a Barno, inda amfanin gona da yawa ba sa yi. Sai dai yabanyarsa ba ta da yawa. Tsiron ba ya yin ƙwaya da garin furen kansa, sai ƙudan zuma sun kawo masa na wani. Haka kuma kawunansa ba sa nuna lokaci guda, ga shi ƙwayar tana zubewa in an yi jinkirin yanka.

A Habasha akan soya ƙwayar sama-sama, a daka, a zuba ruwan zafi, a yi ta juyawa har man ya taso, kusan yadda matan Hausawa ke fitar da man gyaɗa. Tunkuzar da ta rage kuwa abincin dabbobi ce. Man yana da muhimmanci ƙwarai ga Kiristocin Orthodox na ƙasar, domin a kwanakin azuminsu ba sa cin nama ko man shanu. A wani littafi da Getinet da Sharma suka wallafa a 1996, an ƙiyasta cewa a wancan lokaci wannan tsiro ne ke ba Habasha rabin man girkinta ko fiye. An kuma sami ƙwayoyinsa a kufan tsohuwar daular Aksum, abin da ke tabbatar da daɗewarsa a hannun manoman ƙasar.

3.0 Sunayen Tsiron

3.1 Sunan Kimiyya

A 1782 Linnaeus ƙarami, ɗan shahararren masanin nan na Sweden, ya ba tsiron suna Polymnia abyssinica. A 1829 wani masani Bafaranshe, Henri Cassini, wanda ya ƙware a kan wannan dangi, ya ware shi ya ƙirƙira masa sabon jinsi da sunan Guizotia, domin girmama François Guizot. Shi Guizot masanin tarihi ne kuma ɗan siyasa, wanda daga baya ya zama firaministan Faransa daga 1847 zuwa 1848. Ke nan kashin farko na sunan ba ya faɗin komai game da tsiron. Kashi na biyu ne, wato abyssinica, ke ɗauke da labari, domin ma'anarsa 'na Abisiniya', tsohon sunan da Turawa ke kiran Habasha da shi. Wani masanin kuma, de Candolle, ya taɓa raɗa wa jinsin suna Ramtilla, wanda ya gina a kan sunan tsiron a Indiya, amma wannan suna bai ɗore ba.

3.2 Sunayensa a Habasha da Eritiriya

Ga yadda manyan harsunan yankin ke kiran tsiron:

(1) Amhara: nug
(2) Tigrinya: nihug
(3) Oromo: nuugii

Abubuwa biyu ne za a lura da su a nan. Na farko, sunan tilo ne, ba harɗaɗɗe ba ne, kuma ba a gina shi a kan sunan wani tsiro ba. Na biyu, saiwa guda ce ta game harsuna na rassa biyu, domin Amhara da Tigrinya na reshen Simitik ne, Oromo kuwa na reshen Kushitik. Bugu da ƙari, harshen Amhara yana da kalmomi na musamman a kewayen tsiron. Manoma sun bambanta iri uku: 'abat' mai jinkirin nuna, da 'bunegne' mai saurin nuna, da 'mesno' wanda ake shukawa a makare kuma yake jure sanyi. Ciyawar daji 'yar uwarsa kuma tana da sunanta dabam, wato 'mech'.

Har cikin karin magana tsiron ya shiga. Amharawa suna da wani karin magana mai ma'anar cewa riɗin da aka tarar tare da nug, tare ake daka su. Manufarsa ta yi kusa da ta Hausawa da ke cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Abin lura ga manazarci shi ne, a wannan karin magana riɗi yana da sunansa, 'selit', nug yana da nasa, kuma riɗin ne baƙo a turmin nug.

3.3 Sunayensa a Indiya

A Indiya ana noma tsiron a ƙasa maras ƙarfi ta jihohi irin su Odisha da Madhya Pradesh da Maharashtra da Karnataka. A can al'amarin sunaye ya juya:

(4) Hindi: ram-til 'riɗin Ram'
(5) Hindi: kala til 'baƙin riɗi'
(6) Kannada: hucch-ellu 'mahaukacin riɗi'
(7) Telugu: verri nuvvulu 'mahaukacin riɗi'
(8) Marathi: khurasani

Misalai na (4) zuwa (7) duk harɗaɗɗun sunaye ne, kuma ginshiƙin kowannensu kalmar riɗi ce a harshen: 'til' da 'ellu' da 'nuvvulu'. Hindi na dangin Indo-Ariya ne, Kannada da Telugu kuwa na dangin Dirabidiya, amma duk hanya guda suka bi, wato auna baƙon tsiro da wanda aka riga aka sani. Misali na (8) kuwa, a zahirinsa nisba ce ga yankin Khurasan, wato danganta tsiron da wata ƙasa ta waje wadda ba ita ce tushensa ba.

Wannan bambanci tsakanin Habasha da Indiya ya dace da wata ƙa'ida da aka sani a nazarin tarihin harshe. Amfanin gonar da ya daɗe a wuri yakan kasance da suna tilo, kamar gero da dawa da maiwa a Hausa. Wanda ya shigo daga baya kuwa yakan ari sunan wani. Amma ƙa'idar ba ta wadatarwa ita kaɗai, domin tsohuwar kalmar aro ma tana iya zama tilo, kamar alkama. Dole ne a haɗa ta da wata hujja. A nan hujjar ilimin tsirrai ta mara wa ta harshe baya, domin dukkan 'yan uwan tsiron na daji suna Afirka ne, babu ko ɗaya ɗan asalin Indiya.

3.4 Sunansa a Ingilishi

Bayani biyu ake bayarwa game da 'niger seed'. Na farko yana danganta shi da kalmar Latin 'niger' mai ma'anar baƙi. Na biyu yana danganta shi da kogin da Turawa ke kira da wannan suna. Bayani na farko ya fi dacewa da abin da aka sani, domin ƙwayar baƙa ce, ana kuma kiran ta 'blackseed', alhali ba ta cikin amfanin gonar da aka san bakin kogin da su. Shi kansa sunan kogin, masana da yawa suna ganin ya samo asali ne daga wata kalmar Abzinawa mai ma'anar kogin koguna, ya zo ya yi kama da kalmar Latin ɗin. Daga sunan kogin ne Flora Shaw ta ba da shawarar sunan Nijeriya a 1897.

A Amurka ba don mai ake sayen ƙwayar ba, don ciyar da tsuntsayen daji ne a ƙofar gida. Doka ta wajabta a gasa ta a zafin digiri 120 na tsawon minti 15 kafin a shigar da ita ƙasar, domin a kashe irin wata ciyawa mai kama da soyayya da ke nannaɗe tsiron tana tsotsar sa. 'Yan kasuwa sun daɗe suna sayar da ita da sunan 'thistle seed', wato irin wata ƙaya, wanda shi ma kuskure ne. A 1998 ƙungiyar masu sana'ar abincin tsuntsaye ta ƙasar ta yi rajistar sabon rubutu, Nyjer, domin ta raba ƙwayar da sunan ƙayar, ta kuma hana masu saye furta kalmar kamar wata kalmar ɓatanci ga baƙar fata. Gyaran ya magance wannan matsala, amma ya ƙarfafa wata, domin ya tsayar da furucin daidai da yadda mai Ingilishi ke furta sunan kogin.

4.0 Juya Sunan zuwa Hausa

4.1 Fassarorin da ke Ɓad da Mai Sauraro

Nug ba ya cikin amfanin gonar da aka saba nomawa a ƙasar Hausa, saboda haka ba shi da sunan da ya game bakin jama'a kamar gyaɗa ko riɗi. Mai fassara da ya ci karo da 'niger seed' yana iya faɗawa ɗaya daga cikin ramuka uku.

Na farko shi ne fassarar kalma da kalma. Rubutu guda na Ingilishi, 'Niger', yana da makwafi uku a Hausa: Nijar ga ƙasa, Neja ga jiha, Kwara ko Neja ga kogi. Ko wanne aka zaɓa, 'irin Nijar' ko 'irin Neja', an ba da labarin da ba haka yake ba. Manomi ko ɗan kasuwa da ya ji cewa ana neman 'irin Nijar' a Amurka zai ɗauka wani abu ne da zai samu a kasuwar Maraɗi ko ta Bida.

Na biyu shi ne bin 'blackseed' a ce habbatus sauda. Wannan ya fi na farko haɗari. Habbatus sauda ita ce Nigella sativa, ta wani dangi dabam da ake kira Ranunculaceae, kuma Hausawa suna shan ta a matsayin magani. Kamar da ke tsakanin su biyun ba ta wuce baƙin launi ba, sai kuma saiwar Latin guda da ke cikin 'niger' da 'Nigella'. Amharawa, waɗanda ke noma duka biyun, ba sa gauraya su: ɗaya nug ne, ɗaya 'tikur azmud'. Idan aka juya sakamakon wani bincike a kan man nug aka ce na habbatus sauda ne, an jingina wa magani abin da ba nasa ba.

Na uku shi ne bin 'kala til' a ce baƙin riɗi. Illar wannan ita ce sunan yana da mai shi, domin a cikin riɗi na ainihi akwai mai baƙar ƙwaya.

4.2 Hanyoyin da Hausa ke Bi

Hausa tana da aƙalla hanyoyi huɗu na raɗa wa tsiro suna:

(9) Aro tare da Hausantarwa: alkama da albasa daga Larabci, tumatir da kabeji daga Ingilishi.
(10) Sanannen tsiro da harafin nasaba da sunan wuri ko al'umma: gwandar Masar, dankalin Turawa, dawar Masar wadda ta taƙaita ta zama masara.
(11) Sanannen tsiro da kalmar daji ko sunan dabba, domin nuna wanda ba a nomawa: gwandar daji, riɗin barewa.
(12) Siffantawa: dogon yaro, ƙashin yawo.

Misali na (10) yana ɗauke da irin darasin da aka gani a Marathi. Masara da gwanda duk daga nahiyar Amurka suka fito, ba daga Masar ba. Sunan ya adana abin da Hausawa suka ɗauka game da hanyar shigowarsu ne kawai. Wannan kuskure ne da jama'a suka yi a zamanin da ba su da hanyar sanin tushen. Wanda ke ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi a yau ba shi da wannan uzuri.

4.3 Shawara

Hanya ta (9) ce ta fi dacewa, da sharaɗin a yi aron daga masu tsiron, ba daga Ingilishi ba. Tun da sunayen Hausa ba sa ƙarewa da baƙin /g/, tilas ne 'nug' ya sami wasali a ƙarshe. Tsarin sautin harshen ya yarda da siga biyu: 'nugu', inda wasalin ƙarshe ya kwaikwayi na saiwa kamar a kalmar kuku, ko 'nugi', kamar a bokiti da kofi. Siga ta biyu ta fi, saboda ta yi daidai da ta Oromo, harshen miliyoyin manoman tsiron. Kalmar za ta kasance namiji, kuma tana shiga ginin jimla ba tare da wahala ba: man nugi, gonar nugi, nugin bana.

Sabuwar kalma tana bukatar mataimaki kafin ta zauna. A rediyo da jarida ana iya cewa 'nugi, wato riɗin Habasha', bisa tsari na (10). A nan nisbar gaskiya ce, kuma kamantawar tana ba mai sauraro hoton ƙaramar ƙwaya mai mai. Amma a littattafan makaranta da ƙamus ya kamata a bayyana cewa nugi ba riɗi ba ne, ya fi kusa da shuwaka da ƙashin yawo ta fuskar dangi.

Game da G. scabra kuwa, hukuncin dabam ne. Wannan nau'i ɗan ƙasa ne a Nijeriya, yana fitowa a tsaunin Jos, inda wasu al'ummomi ke amfani da shi a abinci. A takarda ana iya kiran sa 'nugin daji' bisa tsari na (11), amma bai dace a ɗora masa ƙirƙirarren suna ba kafin a tattara sunayen da mazauna tsaunin ke kiran sa da su, a harsunansu da kuma a Hausar kasuwanninsu. Irin wannan aiki ne J. M. Dalziel ya yi wa tsirran ƙasar Hausa a littafinsa na 1916, kuma sunan da aka tarar a bakin jama'a shi ne ke da fifiko a kan wanda aka ƙirƙira a ofis.

5.0 Kammalawa

An ga yadda tsiro guda ya sami sunan masanin tarihi a Faransa, ya ari sunan riɗi a Indiya, ya kuma sami sunan da ke kama da na kogi a Ingilishi. A Habasha da Eritiriya kuwa yana da suna na ƙashin kansa. Abin da wannan ke nuna wa mai fassara shi ne, kafin ya juya sunan tsiro, ya fara tabbatar da ko wane tsiro ne ta hanyar sunansa na kimiyya, sannan ya bincika inda ya fito da abin da masu shi ke kiran sa. Matsalar ba ta tsaya ga Hausa ba. Mai fassara zuwa Yarabanci, inda kogin yake da suna Oya, ko zuwa Ibo, inda ake ce masa Orimiri, zai tarar da irin wannan tarko. Saboda haka akwai bukatar kwamitocin da ke tsara keɓaɓɓun kalmomi na harsunan Nijeriya su riƙa zama tare da masana ilimin tsirrai a duk lokacin da aka zo babin sunayen amfanin gona.